Samun Maganin Ciwon Daji a Legas: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙƙi, Doka da Adalci

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago idan likita ya ce an ga ciwon daji a jikin wani nasu. Akwai waɗanda doka ta amsa su ƙarara, akwai kuma waɗanda sai dai mutum ya tsaya tsakaninsa da Allah. Abin da ke nan ba ya maye gurbin likitan da ya ga fayil ɗin mara lafiya, ko lauyan da ya ga takardu.

Ana cewa akwai sababbin magungunan kansa da suka wuce kemo. Waɗanne ne?

Tiyata, kemo da gashi (wato ƙona ciwon da hasken inji) su ne ginshiƙai uku da aka daɗe da sani. Kemo yana kai hari kan duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa, ta ciwo da ta lafiya, shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ya yi gyambo. Sababbin magungunan sun fi zaɓe. Misali trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, yana aiki ne kan kansar mama mai ɗauke da alamar da ake kira HER2, kusan mace ɗaya cikin biyar masu wannan ciwon. Ana ba da shi duk bayan mako uku, yawanci har tsawon shekara. Imatinib kuwa ƙwaya ce da ta mayar da wani nau'in kansar jini ciwon da ake rayuwa da shi shekaru masu yawa. Akwai kuma masu tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta, kamar pembrolizumab da ya fito a 2014. A can ƙololuwa akwai wanda ake ɗebo ƙwayoyin jinin mara lafiya a gyara su a mayar masa, wanda farashinsa na farko a Amurka a 2017 ya kai dala 475,000.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: babu ɗayansu da ke yi wa kowa aiki. Sai an ɗebo ɗan nama daga wurin ciwon an auna kafin a san ko ya dace. Wanda ya ce ka sayi allura mai tsada ba tare da wannan awon ba, tambaye shi dalili.

Shin akwai su a Legas, ko sai an fita waje?

Da yawansu akwai. A watan Fabrairun 2019 aka buɗe cibiyar kansa ta NSIA-LUTH a Idi-Araba, haɗin gwiwa tsakanin asusun zuba jarin ƙasa da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, an kashe mata kusan dala miliyan 11, kuma tana da injinan gashi na zamani. Akwai LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, a Ikeja, akwai asibitocin kuɗi a Victoria Island irin su Lakeshore da Marcelle Ruth. Idan aka kwatanta da sauran jihohi, Legas na gaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Idi-Araba unguwar Hausawa ce tun kaka da kakanni. Mutum zai fito daga masallaci ya taka da ƙafa zuwa ƙofar asibitin cikin mintuna kaɗan. Amma kusancin ƙafa bai sa injin ya zama nasa ba. Kuɗi, harshe da rashin wanda zai nuna hanya su ne tazarar gaskiya.

Kuma Legas ba mutanen Legas kaɗai take ɗauka ba. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna Najeriya na samun sababbin masu ciwon fiye da 127,000 a shekara, fiye da 79,000 kuma suna rasuwa. Kusan rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, alhali injinan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai yawan jihohinta ba. Shi ya sa za ka tarar da mutumin Kebbi, da na Benuwai, da na Ebonyi a benci guda.

Me ya sa tsadar ta kai haka?

Kusan duk waɗannan magungunan daga waje ake shigo da su, da dala. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashinsu ya tashi ba tare da an ƙara musu komai ba. Sannan kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana riƙe haƙƙin mallakarsa shekara 20, babu mai yin irinsa balle a yi gasar farashi. Uwa uba, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye. A ƙarshen 2024 an sa mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000, kuma mai gadi, ɗan dako ko mai tura ruwa ma ba lallai ya samu hakan ba.

Tsadar ba ƙaddarar da ba ta sauyawa ba ce. Sanarwar Doha ta 2001 ta tabbatar wa ƙasashe ikon ba wani kamfani lasisin dole ya yi magani saboda lafiyar jama'a. Indiya ta yi amfani da wannan a 2012 kan sorafenib, maganin kansar hanta da ƙoda, kuɗin wata guda ya faɗo daga kusan rupee 280,000 zuwa 8,800. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ma ta tanadi irin wannan lasisi. Haka kuma trastuzumab yanzu yana da makamanta da wasu kamfanoni ke yi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a ƙarshen 2019. Don haka ba laifi ba ne ka ce wa likita: "Likita, akwai makamancinsa mai sauƙin kuɗi da NAFDAC ta yi wa rajista?" Tambaya ce ta mai hankali, ba ta mai rowa ba.

Ni ɗan ƙasa ne. Doka ba ta tilasta wa gwamnati ta biya mini magani ba?

Nan ne mutane ke shan mamaki. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar da isassun wuraren kiwon lafiya ga kowa. Sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babin. Wato an rubuta alkawarin, amma ba a ba ka sandar karɓarsa ba.

Lauyoyin kare haƙƙi suna bi ta wata ƙofar. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983, ta ambaci haƙƙin lafiya a sashe na 16. Suna kuma haɗa ta da haƙƙin rayuwa na sashe na 33 na tsarin mulki. Hujja ce mai nauyi, amma kada wani ya ɗora jinyarsa a kanta. Shari'a na ɗaukar shekaru, ciwon kuwa ba ya jiran ranar zaman kotu.

Abin da doka ta ba ka a hannu, wanda za ka iya tsayawa a kai yau, yana cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014: kada a hana ka taimakon gaggawa, a yi maka bayanin ciwonka da zaɓin da kake da shi da kuɗinsa, a rufa maka asiri, a saurari ƙorafinka. Ga kuma Kundin Haƙƙin Marasa Lafiya da aka ƙaddamar a 2018. Babu allurar miliyoyi a cikin waɗannan, gaskiya ne. Amma na ga iyalan da suka yi asarar abin da ya fi kuɗin allurar saboda ba su san suna da ikon yin tambaya ba.

A ganina kuma laifin gwamnati a nan ba ƙarami ba ne. A Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Mai masaukin baƙin bai taɓa kai wa can ba, yawanci kusan kashi biyar yake tsayawa.

Ni mutumin Arewa ne, zama nake a Legas. Za a iya mayar da ni baya don ba ɗan jiha ba ne?

A'a. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba ka ikon zama ko'ina a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya haramta wa hukuma nuna bambanci saboda ƙabila, jihar asali, jinsi ko addini. LUTH ma na tarayya ne. Shirye-shiryen jihar Legas suna duba mazauni ne, shi ya sa nake roƙon mutanenmu su yi katin rajistar mazauna jihar, wato LASRRA, wanda duk mazaunin Legas ke da ikon yi ko daga ina ya fito. Akwai wanda ya shekara ashirin a Agege, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma har gobe yana ɗaukar kansa ɗan ci-rani, ba shi da takarda ko ɗaya mai adireshinsa. Ranar buƙata ita ce ranar da hakan ke yi masa ciwo.

Wani lokacin ma komawa gida ya fi sauƙi, ba don an kore ka ba. Gashi yakan ɗauki makonni ana zuwa kullum, Litinin zuwa Juma'a. Zariya da Sakkwato suna da sassan gashi, a 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar kansa a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A lissafa kuɗin mota, masauki da mai jinya kafin a yanke shawara, a kuma tabbatar injin wurin yana aiki kafin a tashi.

Inshora ko wani asusun gwamnati na taimakawa?

Yana ragewa, ba ya ɗaukewa. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Legas na da Ilera Eko. Hukumar ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Roche kan wasu magungunan kansa, inda kamfanin ke ɗaukar kashi 50, hukumar 30, mara lafiya 20, amma sai mai rajista. Akwai kuma Asusun Lafiya na Kansa don masu ƙaramin ƙarfi, kan kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), wanda aka fara a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya. Na Kudu maso Yamma a Ibadan aka sa shi, na Arewa maso Yamma a Zariya. Masu kansar jinin da ke buƙatar imatinib sun daɗe suna samunsa kyauta ta asibitin koyarwa na Ile-Ife.

Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun makon farko, kafin a sayar da komai. Ka tambayi inshorarka abin da ta ƙunsa da iyakarta, a rubuce.

Muna kan layin inji tun tuni, sai ga wani ya zo jiya an shigar da shi. Wannan ba zalunci ba ne? Idan kuma ni na samu hanya, in bi?

Farko dai, ba duk tsallake layi ne zalunci ba. Akwai wanda ciwon ya danne masa lakar baya, idan ba a gasa shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba zai shanye har abada. Akwai mai zubar jini, akwai wanda numfashinsa ke toshewa. Waɗannan dole su wuce gaba, kuma kai ma da kai ne haka za ka so. Likitoci suna kuma duba wanda jinkiri zai mayar da ciwonsa daga mai warkewa zuwa marar warkewa. Matar da ke tsakiyar gashin bakin mahaifa, idan aka tsinka mata kwanaki, damar warkewarta ke raguwa. Ma'aunin adalci a nan uku ne: wa ya fi gaggawa, wa maganin zai fi amfana, sannan wa ya riga zuwa.

Abin da ba ya cikin ma'aunin shi ne kati daga wani babba, ko ambulan a ƙarƙashin fayil. Mun saba cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma muna faɗinsa kamar abin alfahari. A layin inji maganar ta sha bamban da neman aiki ko gurbin karatu. Injin yana da adadin mutanen da zai iya ɗauka a yini. Idan an cusa naka, an ture na wani, kuma wanda aka ture kusan kullum shi ne wanda ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, ba shi da lambar kowa. Sau da yawa namu ne.

To in ka samu hanya fa? Ban ga laifi ba ka nemi wanda ka sani ya nuna maka ofis, ya binciko inda fayil ya maƙale, ko ya sa likita ya sake duba mara lafiyarka idan jikinsa ya rikice. Wannan taimako ne. Amma a cire sunan wani a sa naka, wannan haƙƙin mutum ne ka ci, ko da ba za ka taɓa sanin fuskarsa ba. Na san faɗar wannan da sauƙi ga wanda ba mahaifiyarsa ce a kwance ba. Duk da haka ba zan canza maganar ba. Abin da ya kamata mu matsa a kai, ta bakin sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa, shi ne kowace cibiya ta bayyana ƙa'idar layinta, ta kuma faɗa wa mutum matsayinsa da ranar da ake sa ran kiransa.

'Yan'uwa sun ce kada a faɗa wa Inna cewa kansa ce, kada hankalinta ya tashi. Daidai ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, don niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba shi da kyau.

Ga yadda abin ke faruwa. Dattijuwa na zaune a kujera da hijabinta, jakar leda cike da rasit da hotunan ƙirji a cinyarta. Likita na magana da ɗanta da Turanci na tsawon minti goma, yana zana wani abu a bayan takarda. Tana kallon bakin wannan, ta kalli na wancan. Da aka gama ta ce, "Me ya ce?" Ɗan ya ce, "Ya ce ƙari ne, Inna, za a ba ki magani." Ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Minti goma sun koma kalma goma. Bayan wata biyu gashinta ya fara zuba, ta ga irin waɗanda take zama da su a layi, ta gane komai, amma ta yi shiru don kada ta tayar wa 'ya'yanta hankali. Kowa ya sani, babu mai iya magana.

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin magani, amfaninsu, haɗarinsu, kuɗinsu, da ikonsa na ƙi. Ya ƙara da cewa a yi bayanin da harshen da mutum ke fahimta, daidai da iliminsa. Wannan ƙarin namu ne, mu riƙe shi da kyau. Dokar ta bar 'yar kafa idan akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi, amma likita ne ke auna wannan, ba taron dangi ba.

Ta fuskar addini ma, wanda ya san halinsa yana biyan bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya zaɓi inda yake so ya yi jinya. Da wane iko za mu ƙwace masa wannan? Ba cewa nake a jefa mata maganar kamar dutse ba. A tambaye ta: "Inna, kina so likita ya yi miki bayanin komai, ko kin fi so ya yi wa Yaya?" Idan ta ce a bar wa Yaya, ta yi zaɓinta, a girmama. Kuma a nemi tafinta baligi mai amana. Kada a sa yaro ɗan sakandare ya fassara wa mahaifiyarsa cewa za a cire mata mama.

Mijina ya ce ba za a yi mini tiyata ba. Asibiti zai saurare shi ko ni?

Ke. Baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ke sa hannu kan jikinsa. Shawara da miji abu ne mai kyau, kuma mafi yawan likitoci za su so ya zauna a yi bayanin a gabansa, don sau da yawa tsoro ne ke sa shi ƙi, ba mugunta ba. Amma sa hannunsa ba sharaɗi ba ne a doka.

Na sha ganin rashin adalcin da babu gwamnati a cikinsa. Maigida ya kwanta, an sayar da shago da fili. Uwargida ta kwanta, an ce a gwada na gargajiya tukuna, ko a tura ta gida wajen iyayenta. Kansar mama ita ce ta fi kowace yawa a Najeriya, fiye da 32,000 a shekara bisa ƙiyasin 2022, kuma tana cikin masu warkewa idan an zo da wuri. Watannin da ake ɓatawa ana jiran izini su ne ke kashe mata da yawa.

Mutum na da ikon ƙin magani? Yara fa?

Yana da shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Okonkwo, kan wata mata da ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta. Yaro kuwa daban. A shari'ar Esabunor ta 2019, wadda ta taso daga nan Legas, kotun ta ce za a iya tsallake ƙin iyaye domin ceton ran yaro.

An ce a sa ɗan'uwana a gwajin sabon magani kyauta. Ba irin na Kano ba ne?

Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye da gwamnati sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabon har yau bai goge ba.

Amma gudun kowane gwaji ma asara ce. Mafi yawan magungunan kansa an gwada su ne a jikin Turawa da mutanen Asiya, baƙar fata kaɗan ne a ciki. Kuma gwaji na gaskiya wani lokaci shi ne kaɗai hanyar da talaka zai samu maganin da ba zai iya saya ba. Nan kuma haɗarin yake: wanda ba shi da zaɓi yana saurin cewa to. Don haka a nemi shaidar amincewar NAFDAC da ta kwamitin ɗa'ar bincike, a karɓi takardar yarda a tafi da ita gida a karanta da Hausa, a tambayi wa zai biya idan an samu illa, da abin da zai faru idan gwajin ya ƙare alhali maganin na yi masa aiki. Yana da ikon fita kowane lokaci ba tare da an daina duba shi ba.

Asibiti na iya ƙin karɓarmu sai mun ajiye kuɗi, ko ya tsare mara lafiya saboda bashi?

A halin gaggawa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta ƙin karɓa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Zubar jini, toshewar numfashi ko zazzaɓi mai zafi bayan kemo duk gaggawa ne. Kemo da gashin da aka tsara kuwa ba sa cikin wannan, ana iya neman kuɗi kafin a fara.

Tsare mutum saboda bashi ya saɓa wa sashe na 35 na tsarin mulki. Bashin na nan, dole a biya, amma hanyarsa yarjejeniya ce ko kotu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum kan bashi zalla.

Ya wajaba mu sayar da gida da gona don maganin da likita ya ce ba zai warkar ba?

Kafin a kira dillali, a yi wa likita tambaya ɗaya a fili: "Wannan maganin don warkewa ne, ko don ƙara lokaci? In ƙara lokaci ne, kamar nawa?" Amsar ita ce ke raba hanya. Idan akwai kyakkyawar damar warkewa, a yi duk abin da za a iya, a kuma lissafa kuɗin jinyar har ƙarshenta tun farko, don farawa a tsaya a tsakiya shi ne asara biyu. Idan kuwa 'yan watanni ne za a saya da gidan da marayu za su zauna, mara lafiyar ne ya fi kowa cancantar yanke hukunci, kuma da yawansu idan aka ba su gaskiya cewa suke a bar wa yara.

An umarce mu da neman magani, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma malamai sun bambanta dakatar da maganin da ba ya amfani da gaggauta mutuwa. Na farko ya halatta, na biyu haramun ne, kuma laifi ne a dokar ƙasa. Dakatar da kemo kuma ba ya nufin a bar mutum yana kururuwa cikin dare. Mofin na sha maganin raɗaɗi ne mai araha da ke kan jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, shansa bisa umarnin likita ba shaye-shaye ba ne. A nemi sashen rage raɗaɗi na asibitin.

Ga masu hali kuma: iyalin da jinya ta talauta ko ta jefa cikin bashi suna cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Zakkar 'yan canji, dillalan shanu da manyan 'yan kasuwar Mile 12, da za a tara wani kaso nata a asusu mai rajista da lissafi a buɗe, da ta ɗauki jinyar mutane da yawa daga farko har ƙarshe, maimakon dubu biyar-biyar da ake miƙawa a ƙofar masallaci.

Za mu iya sa hotonta a Facebook don neman taimako?

Da yardarta kawai, bayan ta ga ainihin hoton da abin da aka rubuta. Bayanan lafiya na cikin waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kariya ta musamman. Ba sai an tsiraita mace ko an nuna gyambo ba kafin a yarda tana da ciwo, takardar asibiti mai nuna kuɗin da ake nema ta isa. A faɗi abin da aka tara, a daina karɓa idan ya cika. Wanda ya karkatar da kuɗin zuwa wani abu ya ci amana, kuma zamba ce a doka.

Manya suna fita waje da kuɗin gwamnati. Doka ta yarda?

Sashe na 46 na Dokar Lafiya ya hana ɗaukar nauyin jami'in gwamnati zuwa jinya a waje da kuɗin jama'a, sai a yanayi na musamman, da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista ko kwamishina. Mai kuɗin kansa kuwa babu mai hana shi. Idan kai ne za ka tafi Indiya ko Masar, ka fara samun ra'ayin likitan kansa a nan, ka yi magana da asibitin can kai tsaye, don dillalan da ke tsakani da kamasho suke ci.

Idan an zalunce mu, ina za mu kai kuka?

A fara da shugaban sashen ko ofishin ƙorafi na asibitin, a rubuce, a riƙe kwafi. Idan laifin likita ne, Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Asibitocin kuɗi a Legas suna ƙarƙashin sa idon HEFAMAA, hukumar jihar mai kula da asibitoci. Hukumar kare masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafin marasa lafiya, jabun magani ko mai tallar cewa yana warkar da kansa da kwalba guda kuma na NAFDAC ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Ofishin Lauyan Jama'a na jihar Legas, OPD, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duka kyauta ne. Ko'ina za ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne takardu: sakamakon awon nama, rahoton hoto, rasit, kwalin magani mai lambar rajista, da ranakun da abubuwan suka faru. A ɗauki hotonsu a waya tun ranar da aka karɓe su, a tura wa mutum biyu a cikin dangi.